Yadda ake sa kwamfuta ta kashe kanta a lokacin da ka yanka mata

Haushi ne ya koya mini wannan aikin. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi, kwamfutar tebur biyu da laftof ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta duk kan inbata suke komawa, batir biyu kacal. A cikin wata guda sau uku ina zuwa da safe in tarar batir ya yi ƙasa warwas, saboda yaron shago ya ja ƙofa bayan isha'i ya bar kwamfuta a kunne, ta kwana tana zuƙar wuta ba ta tsinana wa kowa komai ba. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Daga baya na ce to, tunda ita ba ta san mantuwa ba, bari in ɗora mata aikin.

Wataƙila kai naka dalilin daban ne. Wani datar dare ya saya, yana so ya bar abu yana sauka ya je ya kwanta. Wani karatu yake saurare har barci ya kwashe shi. Wani kuma yara ne ba sa tashi daga kan wasa sai an yi da gaske. Hanyar duk ɗaya ce, kuma ba ka bukatar sauke wata manhaja ko biyan kowa ko sisi, domin abin yana cikin kwamfutar tun daga kamfani. Zan fi tsayawa a kan Windows, tunda ita ce a hannun mafi yawanmu. Abin da zan faɗa yana aiki a Windows 10 da Windows 11, har da tsohuwar Windows 7 da ke maƙale a wasu shagunan.

Idan na daren yau ne kaɗai

Ka fara adana duk aikin da ke buɗe. Zan dawo kan dalilin, amma ka yi tukuna.

A kan kibod, ka riƙe maɓallin da ke da tambarin Windows, ka danna harafin R. Wani ɗan akwati zai fito a ƙasa ta hagu, an rubuta "Run" a samansa. A cikin layin da ke ciki ka rubuta wannan:

shutdown /s /t 3600

Sai ka danna Enter. Saƙo zai leƙo yana shaida maka cewa Windows za ta mutu nan da minti 60. Shi ke nan, ka je ka yi harkarka.

Ga ma'anar abin da ka rubuta, don kada ya zama hadda ba fassara. Kalmar farko sunan ɗan shirin da ke kashe kwamfutar ne. /s na nufin a kashe ta gaba ɗaya. Da ka sa /r a wurin, mutuwa za ta yi ta sake tashi. /t kuma na cewa a jira, lambar da ke biye da ita ita ce tsawon jiran. Akwai sarari ɗaya tsakanin kowane yanki da na gaba da shi, kuma rabin waɗanda suke ce mini "na gwada bai yi ba" sararin nan suka haɗiye.

Lissafin da sakan ake yi. Na ce sakan ban ce daƙiƙa ba da gangan, don na sha jin wani ya ce daƙiƙa yana nufin minti. Duk mintin da kake so, ka ninka shi sau 60. Rabin awa 1800 ke nan, awa ɗaya 3600, awa biyu 7200, awa uku 10800, awa shida 21600. Idan kuma wani ƙarfe kake hari, sai ka ƙirga daga yanzu. A ce yanzu 9:20 na dare, kana so ta mutu 11:00 daidai: tsakani akwai minti 100, ka ninka sau 60, ka samu 6000. Wanda ya rubuta 60 yana zaton awa ɗaya ya ba ta, kafin ya gama gyara zama ta mutu. Iyakar lambar da take karɓa 315360000 ce, shekara goma cif, ko da yake ban san wanda zai yi wa kwamfuta alƙawarin shekara goma ba.

Ka canza shawara? Ka sake buɗe akwatin nan ka rubuta:

shutdown /a

Za ta nuna maka cewa an soke. Ka riƙe wannan da kyau, shi ne birkinka. Haka kuma idan kana so ka ƙara lokaci ko ka rage, sai ka soke na farko tukuna. Ba ta ɗora sabon lokaci a kan tsoho. Idan a baƙin allon umarni na Windows da ake kira cmd kake rubutawa ma za ta ce maka ai an riga an tsara kashewa, ta liƙa lamba 1190 a ƙarshen saƙon.

Abin da ya sa na ce ka fara adana aiki

Muddin lambar da ke bayan /t ta wuce sifili, Windows tana ɗaukar cewa ka ba ta izinin rufe komai da ƙarfi. Idan lokaci ya cika ba za ta tsaya tambayarka ko kana so ka adana takardar da ke buɗe ba, kamar yadda take yi idan da hannu ka kashe. Rufewa kawai za ta yi.

Na ga wannan da idona. Wata ɗaliba ta kawo aikin kammala karatunta, muna cikin gyaran babi na huɗu, teburan lissafi ne birjik. Aka kira sallar magariba, na fita, ita ma ta fita sayen kati. Ashe tun da rana na sa wa kwamfutar lokaci ina gwaji, na manta ban soke ba. Muka dawo muka tarar allo baƙi ƙirin. Allah ya taimake ni Word tana ɗan ajiye kwafin ko-ta-kwana duk bayan minti 10, sai muka samu mafi yawan aikin, amma tebur biyu sai da na sake buga su kyauta, tana tsaye a kaina tana cewa "Malam, don Allah a hankali dai." Tun daga ranar, Ctrl da S, maɓallan adana aiki, sun zame mini kamar ƙiftawar ido.

Idan kana tsoron irin wannan, akwai mafita biyu. Duka biyun a baƙin allon umarni ake rubuta su: a akwatin "Run" ka rubuta cmd ka danna Enter, zai buɗe.

Ta farko, ka sa ta yi dogon barci maimakon mutuwa, wato ta kwashe duk abin da ke buɗe ta ajiye a rumbunta, ta daina shan wuta, gobe ka kunna ka tarar da komai inda ka bar shi:

timeout /t 3600 /nobreak && shutdown /h

An bi ta wannan zagayen ne saboda /h ba ta haɗuwa da /t a umarni ɗaya. Za ka ga lamba tana raguwa a allon. Kada ka rufe tagar, domin rufe ta soke aikin ne, wanda kuma shi ne hanyar fasawa idan ka so. Idan ta ce dogon barcin ba a kunne yake ba, ka buɗe cmd da ikon mai gida, wato ka nemo ta a "Start" ka danna dama ka zaɓi "Run as administrator", ka rubuta powercfg /hibernate on.

Ta biyu, ka musanya ƙarshen layin da shutdown /s /t 0. Tunda lambar sifili ce, babu tilas a ciki, manhajar da ke da aikin da ba a adana ba za ta iya riƙe kwamfutar. Sai dai ka san cinikin da ka yi: takardarka ta tsira, amma kwamfutar na iya kwana a kunne tana jiran amsarka. Ni a laftof dogon barci nake zaɓa, a kwamfutocin shago kuma kisan ƙarfi, don batirin inbata ya fi ƙarfin aljihuna.

Wanda zai riƙa yin wannan kullum ba sai ya yi ta rubutu ba. A fuskar kwamfuta, inda babu komai, ka danna dama, ka zaɓi "New", sannan "Shortcut". A layin da ya fito ka rubuta shutdown /s /t 3600, ka danna "Next", ka ba shi suna kamar "Kashe bayan awa ɗaya", ka danna "Finish". Ka yi wani na biyu da shutdown /a ka sa masa suna "Fasa". Amma kada ka jera su kafaɗa da kafaɗa, hannu yana kuskure.

Idan kullum ne, a ƙarfe kaza

Nan ne ainihin aikin. Windows tana da wani mai tsara ayyuka da ake kira Task Scheduler, kamar ɗan aike ne da ka ba shi takarda da lokaci, ba ya makara. Ka ware minti goma ka yi shi a nutse sau ɗaya.

Ka buɗe "Run" ka rubuta taskschd.msc ka danna Enter. Taga mai kashi uku za ta buɗe. Kada yawan rubutun ya tsorata ka, ɓangaren dama kawai za ka duba, ka danna "Create Basic Task".

Shafin farko suna yake nema. Ka rubuta abin da za ka gane ko bayan shekara, misali "Kashe kwamfuta da dare". Ka danna "Next".

Shafi na biyu yana tambayar sau nawa. "Daily" kullum ke nan. "Weekly" zai ba ka damar zaɓar ranaku, wanda ya dace da ofis ko makarantar da ba ta aiki Asabar da Lahadi. "One time" sau ɗaya tak, a rana da lokacin da ka sa. Ka zaɓa ka wuce.

Shafi na uku shi ne na lokaci. Ka bar kwanan watan yadda yake, ka gyara ƙarfen. A nan ka buɗe ido: idan agogon kwamfutarka na AM da PM ne, ƙarfe goma na dare 10:00 PM ne. Wani abokina ya bar shi a AM, washegari da hantsi yana tsakiyar buga wa mutum takardar neman aiki kwamfuta ta yi sallama. Inda aka rubuta "Recur every" ka bar 1, ma'ana kowace rana.

Shafi na huɗu ka zaɓi "Start a program". A na biyar akwai layuka. A na sama, "Program/script", ka rubuta:

C:\Windows\System32\shutdown.exe

A na ƙasa da shi, "Add arguments", ka rubuta:

/s /t 300 /c "Kwamfuta za ta mutu nan da minti biyar, a adana aiki"

Na uku ka bar shi fayau. Wannan 300 ɗin minti biyar ne na gargaɗi, /c kuma ita ke sa saƙonka ya fito a allo da kalmominka. Ina ba da shawarar kada ka rage shi ƙasa da haka. Minti biyar ya ishi wanda ke kan kujera ya adana aikinsa, ko ya rubuta shutdown /a idan aikin dare ya kama. Sai ka tuna cewa idan ka sa 10:00, mutuwar 10:05 za ta zo.

Da hannunka za ka buga layin nan. Idan ka kwafo shi daga Word, sau da yawa tana lanƙwasa alamar zance ta mai da ita mai ƙugiya, shi kuma umarnin miƙaƙƙiya kawai ya sani.

A shafin ƙarshe, kafin ka danna "Finish", akwai ɗan akwati a ƙasa da ya fara da "Open the Properties dialog". Ka sa masa alama. Yawancin masu koyar da abin nan a nan suke tsayawa, alhali abin da ke sa shi ya yi aiki a irin wutarmu yana cikin tagar da za ta buɗe yanzu.

Akwatin da ke hana shi aiki ranar da aka ɗauke wuta

A sabuwar tagar ka shiga shafin "Conditions". Ƙarƙashin "Power" za ka ga layin "Start the task only if the computer is on AC power", kuma da alamarsa a ciki tun asali. Ma'anarsa, kada a yi aikin sai kwamfuta tana jone da wuta. Waɗanda suka tsara shi suna zaune ne inda laftof kan batir abu ne na ɗan lokaci. Mu kuwa daren da ba wuta shi ne daren da muka fi bukatar ta mutu da wuri.

Haka ta faru da laftof ɗina. Kwana huɗu tana mutuwa ƙarfe goma kamar an yanka, na fara yabon kaina. Dare na biyar aka ɗauke wuta tun la'asar, na cire ta daga inbata don in rage nauyi, na tafi gida. Da safe na tarar ba ta ko motsi, batir ya tsiyaye tas. Na zaci tsarin ne ya lalace, ashe umarnin da aka ba ta ta bi. Ka cire alamar nan. Ta ƙasa da ita, mai cewa a tsaya idan an koma kan batir, za ta dushe da kanta. Kwamfutar tebur da ke kan inbata ko janareta ba ta san bambanci ba, a wurinta duk wuta ce, amma cire alamar ba ya cutar da ita.

A wannan shafin dai akwai "Wake the computer to run this task". Kwamfutar da ta yi ɗan gajeren barci ba ta jin kira, don haka idan taka tana yin barci da kanta bayan an bar ta, lokacin zai zo ya wuce tana kwance. Sa alama a nan yana tashinta don ta mutu sosai. A wasu laftof ɗin, musamman a kan batir, an hana irin wannan tashin a saitin wuta, ƙarƙashin "Allow wake timers", sai ka je can ka buɗe shi.

Akwai kuma na saman shafin, "Start the task only if the computer is idle for", wanda ke cewa kada a kashe sai an ga ba mai taɓa ta na wasu mintuna. Yana da amfani ga mai aikin dare a gida. Ni ban sa shi a shago ba, domin so nake ƙarfe goma ta zama ƙarfe goma.

Yanzu ka koma shafin "Settings". Akwai layin "Run task as soon as possible after a scheduled start is missed". Wannan kada ka kuskura ka sa masa alama. Abin da yake cewa shi ne, idan lokaci ya wuce ba a yi aikin ba, a rama da zarar an samu dama. Ga sauran ayyuka dabara ce mai kyau, ga kashewa kuwa masifa ce: ran da ka kashe kwamfutar da hannunka ƙarfe takwas, gobe da safe kana kunnawa za ta tuna tana da bashin jiya, ta biya a kanka.

Saura shafin "General". Yadda yake tun asali, aikin yana gudana ne kawai idan mai asusun da ya ƙirƙire shi ya shiga. Idan kai kaɗai ke amfani da kwamfutar, ka bar shi haka. Idan kuwa akwai asusu fiye da ɗaya, ko akan bar ta a shafin shiga, ka zaɓi "Run whether user is logged on or not", za ta nemi kalmar sirrinka. Wanda asusunsa ba shi da kalmar sirri zai ga ta ƙi. Sai ya danna "Change User or Group", ya rubuta SYSTEM, ya danna "OK". Wannan yana bukatar asusun mai gida. Ka danna "OK" ka rufe.

Kada ka jira dare kafin ka san ko ya yi. A ɓangaren hagu ka danna "Task Scheduler Library", ka nemo sunan aikinka a tsakiya, ka danna dama a kansa, ka zaɓi "Run". Idan saƙonka na minti biyar ya fito, aiki ya yi kyau, sai ka soke da shutdown /a. Ka sake gwadawa sau ɗaya bayan ka zare cajar laftof. Washegari kuma ka duba layin "Last Run Time" da "Last Run Result": idan ka ga lokacin jiya da 0x0, lafiya lau ta tafi.

Agogon kwamfutar fa?

Duk wannan tsarin da agogon da ke kusurwar allo yake aiki, ba da na hannunka ba. Kwamfutocinmu da yawa na hannu ne, sun yi rayuwa a Turai ko Amurka kafin su iso, kuma wasu har yau da lokacin can suke tafiya. Wadda ta zo daga Ingila ita ta fi yaudara. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan daidai yake da na Kano da Zinder, ba za ka ga wani aibu ba. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba sai su mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, taka ma ta bi su, ka wayi gari kwamfutar da ka ce ta mutu goma sai sha ɗaya take mutuwa.

Ka danna dama a kan agogon, ka shiga wurin gyaran kwanan wata da lokaci, ka duba "Time zone". Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk "West Central Africa" ne, awa ɗaya gaba da lokacin GMT. Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya. Idan kuma kullum ka kunna kwamfutar tebur sai ka ga ta koma wata tsohuwar shekara, ɗan batirin da ke kan allon cikinta ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Kafin ka canza shi, kada ka dogara da kowane tsari na lokaci.

Mai kwamfutoci da yawa, kamar ɗakin kwamfuta na makaranta, zai gaji da bin shafukan nan ɗaya bayan ɗaya. Layi guda a cmd yana ƙirƙirar aikin:

schtasks /create /tn "KasheDare" /tr "shutdown /s /t 300" /sc daily /st 22:00

A nan lokaci na awa 24 ne, 22:00 ita ce goma na dare. Idan akwai laftof a cikinsu, ka leƙa "Conditions" ɗin kowace ka tabbatar da maganar batir.

Game da yara, gaskiya ita ce yaron da ya kai shekara goma sha biyu zai gano shutdown /a cikin mako guda, abokansa za su faɗa masa. Abin da za ka iya yi shi ne ka shiga shafin "Triggers", ka danna "Edit", ka sa alama a "Repeat task every", ka zaɓi minti 15 na tsawon awa ɗaya ko fiye. Ya soke, ta dawo, ya soke, ta dawo, har ya haƙura. Mai son abin da ya fi wannan ƙarfi sai ya buɗe wa yaron asusunsa daban ya sa masa iyakar lokaci ta Microsoft Family Safety.

Shi kuma mai saukar da babban fayil da datar dare, ƙidayar lokaci caca ce, tunda ba ka san yadda netwok zai kwana ba. Ka ba ta awa uku, ta mutu saura kaɗan ya gama. Gara ka bar manhajar da ke saukewar ta kashe da kanta idan ta kammala. Internet Download Manager tana da "Turn off computer when done" a shafin "Options on completion", qBittorrent ma tana da irinsa a ƙarƙashin "Tools". Sai dai ka je saitin wuta ka hana kwamfutar yin barci a daren, in ba haka ba saukewar ce za ta tsaya.

Masu Mac da Linux

A tsofaffin Mac, har zuwa macOS Monterey, akwai maɓallin "Schedule" a cikin saitin batir ko na tanadin wuta, ka zaɓi rana da lokaci kawai. Daga macOS Ventura ta 2022 Apple ta cire shi daga saitin, sai ta Terminal, wato allon rubuta umarni na Mac. Ka buɗe ta ka rubuta:

sudo pmset repeat shutdown MTWRFSU 22:00:00

Za ta nemi kalmar sirri, kuma ba za ka ga komai yana fitowa ba yayin da kake bugawa, haka abin yake. Haruffan nan ranakun mako ne daga Litinin zuwa Lahadi. R ita ce Alhamis, U kuma Lahadi. Ka cire harafin ranar da ba ka so. Umarnin pmset -g sched yana nuna abin da ka tsara. Ita Mac sai tana farke take bin wannan, kuma takardar da ba a adana ba tana iya hana ta mutuwa. Na sau ɗaya kuwa, sudo shutdown -h +60 ne.

Ka lura da 60 ɗin nan: a Mac da Linux da minti ake lissafi, saɓanin Windows. Wanda ya saba da 3600 ya rubuta ta a nan, kwana biyu da rabi ya ba ta.

Linux ta fi kowa sauƙi a wannan fannin, don tana karɓar ƙarfen kai tsaye: sudo shutdown -h 22:00, sokewa kuma sudo shutdown -c. Na kullum, ka rubuta sudo crontab -e, ka ƙara wannan layin a ƙasa, ka adana:

0 22 * * * /sbin/shutdown -h +5

Lambar farko minti ce, ta biyu awa, taurari ukun kuma ranar wata, wata, da ranar mako. Idan ka mai da tauraron ƙarshe 1-5, Litinin zuwa Juma'a kawai zai yi.

Ranar da lokacin tashi ya canza

Zai canza kuwa. Mu da azumi sai bayan tarawihi kasuwa take buɗewa, lokacin rajistar jarrabawa kuma har sha biyun dare muna shago. Ba sai ka rushe aikin ka sake gini ba. Ka buɗe taskschd.msc, ka shiga "Task Scheduler Library", ka danna sunan aikin sau biyu, ka je "Triggers", ka danna "Edit", ka canza ƙarfen. Idan hutu kake so ka ba shi na wasu kwanaki, ka danna dama a kansa ka zaɓi "Disable", ranar da ka so dawo da shi ka zaɓi "Enable". "Delete" kuma ya tafi ke nan. Wanda ya yi nasa da layin umarni zai iya goge shi da schtasks /delete /tn "KasheDare" /f. A Mac, sudo pmset repeat cancel ne. A Linux ka koma crontab ka share layin, ko ka sa alamar # a farkonsa ya zauna jiran wani lokaci.

Idan za ka sayar da kwamfutar ko ka ba wa ƙaninka, ka goge aikin kafin ta bar hannunka. An taɓa kawo mini wata laftof wai tana da aljanu, kullum tara da rabi na dare sai ta mutu, har an canza mata batir an canza caja. Na buɗe "Task Scheduler Library", ga shi nan a layi na uku, tsohon mai ita ya sa masa suna "Lights out".